Hoton da Injin Surfani Ya Buɗe

Maigidana,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da Inna da shago. Ya gwiwar Inna? Ka tabbatar shafa man nan take yi, ba ajiye shi take a kan taga tana yi masa addu'a ba. Ya injin surfani, ya daina tsinka zare? Ni lafiya lau, karatu sai godiya, in ban da jiri da nake tashi da shi da safe, da warin kifin kicin ɗin makaranta da ya zame mini abokin gaba.

Na haƙura da kiran waya. A ɗakin kwananmu sai mutum ya taka akwati ya manna kunne a taga kafin ya sami layi, kuma rabin magana yake ji. Ranar nan ka ce kana kewata, ni kuma na ji ka ce kana kewaye, na kashe wayar don in ba ka wuri. Daga yau sai imel. Akwai kwamfuta a ɗakin karatu, kai ma ga ta shago, tunda babbar wayarka ta yi wanka a bokiti.

Ban manta da alkawarin nemo maka sabbin zanen surfani ba. Garin nan labulensu da matasan kujerunsu akwai ado iri-iri, sai dai malaman haɗa magunguna ba sa barin mutum ya leƙa kasuwa.

Yanzu ga ainihin maganar. Na maƙala maka wani hoto a ƙasan wasiƙar nan. Bakina ya kasa faɗa, hannuna ma ya ƙi rubutawa. Ka buɗe shi kai kaɗai, ka dube shi a tsanake, sannan ka gaya mini gaskiyar abin da ka ji a ranka. Ina nan ina jira.

Matarka, ɗaliba.

* * *

Likitar gidanmu,

Na ga saƙonki, na ji daɗi ƙwarai. Muna nan lafiya. Inna ta ce in gaya miki gwiwa da sauƙi, man kuwa tana shafawa duk ranar da ta tuna, ita kuma mantuwa ba ta taɓa rabuwa da ita ba. Inji ya daina tsinka zare, yanzu allura yake karyawa. Jirin nan karatu ne ya yi miki yawa, ki riƙa ɗaga ido daga littafi kina kallon nesa.

To, na buɗe abin. Kin ce in buɗe ni kaɗai, ni kaɗai na buɗe, daga baya ne na kira mai wanki na kusa da mu da direban nan mai zama a bencinmu. Na gode da kika cika alkawari. Amma tunda kin ce gaskiya kike so, ga ta.

Kallo ɗaya na yi masa na san ba aikina ba ne. Ban san wa ya yi miki shi ba, amma ko wane ne, ba gwani ba ne. Kai ya fi jiki girma. Ƙafafu kamar an manta da su ne aka liƙa daga baya. Hannu ɗaya kawai nake gani, shi ma sai na kanne ido. Mai wanki ya ce shekara da shekaru yana ganin abin da nake fitarwa, wannan ko kusa bai yi kama da nawa ba. Direba ma haka ya ce.

Kada ki sa wa ranki damuwa, ba laifinki ba ne. Haka baƙon wuri yake, kowa ya zo masa da abu sai ya karɓa yana murna. In kin dawo hutu zan yi miki wanda ya fi shi, ki ga bambanci da idonki. Wannan kuma zan ga abin da za a iya yi da shi, kin san ba a yar da abu a shagon nan.

Mijinki mai kewarki, ba mai kewaye ba.

* * *

Malam,

Na karanta. Na gode. Ka gaishe mini da Inna, ita ba ta yi mini komai ba. Kada ka kira ni.

* * *

Likitar gidanmu,

Gaisuwa da fatan alheri. Mu lafiya, sai dai ni ban da tabbacin tawa lafiyar. Yaushe na zama Malam? Na kira har wayata ta yi zafi, ba ki ɗauka ba. Ko akwatin da kike takawa ne ya karye?

Na zauna na yi ta juya wasiƙata, na gano inda na yi kuskure. Ƙawarki ce ta zana, ko? Wataƙila ma ke ce da hannunki. In haka ne na janye maganata, kuma ga albishir. Na ɗan rage kan, na ja ƙafafun, na sa wa bayan zare ruwan toka, shi kuma abin na tsakiya na yi shi da fari, na ɗora a rigar matashin kujera. Na rataye guda a ƙofar shago don gwaji. Wallahi kafin in gama shan shayi an saye.

Yanzu layinmu ba maganar da ake yi sai ta zanenki. Ni na ce gyaɗa ce kwance a cikin mafici. Mai wanki ya ce taswirar wani tsibiri ce. Matar mai chemist ta ce kyanwa ce take barci a kwando, ta ɗauki biyu. Direba ya sa ɗaya a bayan motarsa, fasinjoji suna ta gardama a kai har suna wuce inda za su sauka. Inna ma ta ɗauki ɗaya tana ɗora gwiwa, ta ce tunda take ba ta taɓa samun matashin da ya kwantar mata da hankali kamarsa ba.

Kin ga ashe idona ne bai waye ba. Ki huce, ki aiko da wasu irinsa ko guda nawa ne.

Mijinki.

* * *

Yaya,

Ina wuni, ya aiki, ya ɗalibai da maigidan? Da fatan kowa lafiya. Ni jiki da sauƙi, zuciya ce ba lafiya.

Ban so in kawo miki ƙara ba, amma ke ce babba, kuma ke kaɗai yake jin tsoro. Yaya, ina da juna biyu. Na je asibiti an yi mini hoton ciki, ma'aikaciyar ta turo mini shi. Kunya ta hana ni faɗa wa ƙaninki da baki, sai na aika masa hoton, ina zaune ina tunanin yadda zai yi tsalle har ya buge kai da fankar shago.

Kin san abin da ya rubuto? Wai kallo ɗaya ya yi ya san ba aikinsa ba ne. Wai bai san wa ya yi mini ba. Wai kai ya fi jiki girma. Kuma bai tsaya nan ba, ya kira mai wanki da direba suka taru a kan ɗana suna yanke hukunci, su ma suka ce bai yi kama da nasa ba. Mai wanki, Yaya! Ga wasiƙar tasa nan na turo miki tare da hoton, ki gani da idonki kada a ce na ƙara gishiri.

Ya sake rubutowa, ban buɗe ba, ba kuma zan buɗe ba. Jarrabawa ta matso, ina buɗe littafi sai in ga kalmominsa a kan shafin. Abokiyar ɗakina ta gaji da miƙo mini hankici. Idan aka yi hutu ba zan koma gidan ba, gidanmu zan wuce. Don Allah kada ki gaya wa Inna tukuna, hawan jininta ya ishe ta.

Ƙanwarki.

* * *

Auta,

Ina gaishe ka saboda an ce a riƙa fara wasiƙa da gaisuwa, ba don ka cancanta ba. Ka gaishe da Inna. Mu lafiya.

Ni na goye ka, ni na koya maka ɗaura igiyar takalmi, amma yau na karanta abin da ka rubuta wa matarka na ji kamar ban taɓa saninka ba. Yarinya tana can ita kaɗai, ga karatu ga laulayi, ta aiko maka da kyautar da wasu suke shekaru suna roƙon Allah ya ba su, kai kuma ka ce ba aikinka ba ne? Aikin wa ne? Ka kawo mini sunansa. Kuma wa ya naɗa mai wanki alƙali a cikin gidanka?

Maganar girman kai kuwa, kai ne na ƙarshe a duniya da ya kamata ya buɗe baki. Ka tambayi Inna irin wahalar da aka sha kafin a samo maka hular makaranta.

Ta ce hutu gidansu za ta wuce, kuma ban ga laifinta ba. Ka ba ni amsa yau ɗin nan, in ba haka ba in bar aji in hau mota, kuma ka san da bulalata nake zuwa.

Yayarka.

* * *

Yaya,

Barka da yini, ya gida, ya yara. Inna tana gaishe ki. Ni dai ga ni nan, abinci ma ya daina shiga.

Don girman Allah, duk wannan a kan gyaɗa ne? Na karanta wasiƙarki a tsaye, na karanta a zaune, ban gane ba. Wane ne yake shekaru yana roƙon Allah ya ba shi zanen matashin kujera? Me ya kawo hular makarantata cikin maganar? Laulayin me kuma, zazzaɓi take yi ba ta gaya mini ba?

Na yarda na yi kaushin baki. Ta aiko da zane, na kushe shi, daga baya na gyara, ya karɓu, na rubuta mata na ba ta haƙuri. Me ya rage? Mai wanki kuma ba alƙali na naɗa shi ba, shi ne yake goge mini kaya, ya san zare.

Na ari wayar direba na ɗauki hoton matashin, ga shi nan na maƙala miki. Ki duba tsakani da Allah ki gaya mini ko wannan abin ya isa a raba aure a kansa. Ni har na yi niyyar ɗora shi a labule.

Ƙaninki, Auta.

* * *

Auta,

Gaisuwa, wannan karon ta gaskiya. Ina cikin ɗakin malamai na buɗe hoton matashinka. Na dube shi, na dubi wanda matarka ta turo mini, na ajiye su gefe da gefe. Dariyar da na yi sai da shugabar makaranta ta leƙo ta tambaya ko rasuwa aka yi. Har yanzu haƙarƙarina ciwo yake.

Zauna. In akwai allura a hannunka ka ajiye ta.

Shekarata nawa ina koya wa 'ya'yan mutane kwamfuta, ashe babban ɗalibina yana cikin gidanmu. Saurara da kyau. Manhajar imel ba ta san abin da ke cikin fayil ɗin da aka maƙala ba, ba ta ma leƙawa. Kamar maigadin ma'aikata take, wanda ba ya buɗe ambulan, bayanta kawai yake dubawa ya ce a kai ofis kaza. Abu biyu take dubawa. Na farko wutsiyar sunan, wato 'yan haruffan nan da ke bayan ɗigo, kamar jpg ko pdf. Na biyu ɗan tambarin da manhajar mai aikawa ta liƙa, mai cewa wannan hoto ne, wannan takarda ce, wannan sauti ne. Daga nan sai ta duba tsarin da aka yi mata, in ba ta da nata ta tambayi kwamfutar: mai irin wannan wutsiyar wa ake miƙa wa? Duk wanda aka ce, shi za ta ba, ko ya dace ko bai dace ba.

Yanzu ka tuna. Lokacin da masu kawo aiki suka fara turo maka tambarin makaranta da na ƙungiya, wani ɗan akwati bai riƙa fitowa yana tambayar ka da me za a buɗe ba? Ka zaɓi manhajar injin surfani, sannan ka sa alama a inda aka ce a riƙa yin haka kullum, don ya daina damun ka. Na san ka, ko rantsuwa zan iya yi. To tun daga ranar, duk hoton da ya shigo shagonka, ko na ɗaurin aure ne ko na gawa, wurin inji ake kai shi. Ita kuma manhajar inji ba ta san komai ba sai zare. Ta share duk ƙananan rubutun da ke gefe saboda allura ba za ta iya su ba, ta haɗe inuwoyin suka koma launi biyu ko uku, ta miƙo maka gyaɗa.

Hoton nan bai lalace ba, yana nan yadda ta aiko shi. Ka koma wasiƙarta ta farko. Kada ka danna sau biyu yadda ka saba. Ka danna maɓallin dama na linzamin kwamfutar, ka zaɓi inda aka ce a buɗe da wata manhaja, ka ɗauki mai nuna hotuna. Ka karanta rubutun da ke sama, za ka ga sunan matarka da na asibiti. Bayan nan ka shiga saitin imel ɗin, wurin da aka jera irin fayiloli, ka mayar da hotuna su riƙa tambayar ka tukuna.

Ba zan gaya maka abin da za ka gani ba, ba ni ya kamata in faɗa ba. Ita kuma na tura mata hoton matashin, na ce ta buɗe wasiƙarka ta biyu.

Yayarka, wadda ta fasa hawa mota.

* * *

Matata,

Ina gaishe ki, ina gaishe ku. Ya jiki? Ya jirin? Kina cin abinci? Ki daina taka akwatin nan, don Allah ki daina, ko layi zai ƙare a duniya.

Na yi yadda Yaya ta ce. Na danna dama. Hoton ya buɗe, baƙi da fari, ga sunanki a sama. Na daɗe ina kallo. Ga kai, ga ɗan hanci, ga hannu ya ɗaga kamar yana tsayar da mota. Ban san lokacin da na zame daga kan kujera ba. Inji yana can yana ta aiki a kan rigar matashi, na miƙa hannu na kashe shi yana tsakiyar kan ɗana.

Ba ni da bakin ba ki haƙuri. Na koma na karanta wasiƙata da idonki, kowane layi sai na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur. Aikina ne. Nawa ne. Ban taɓa yin abin da ya kai shi kyau ba, kuma wanda duk ya ce kan ya yi girma sai mun hau sama mun faɗo, ko da mai wanki ne, ko da ni ne.

Na bi layi gida-gida ina neman a dawo mini da matasan. Matar mai chemist ta ce kyanwarta ba ta zuwa ko'ina. Direba ya ce sai dai in karɓi motar in bar masa matashin. Ban iya gaya musu dalili ba, tunda ke ba ki ba ni izini ba, don haka yanzu ana cewa na sami wani babban mai saye ne nake so in yi musu wayo. Inna kuwa da na je ɗaukar nata, ta dube ni ta dubi matashin, ta sauke gwiwarta daga kansa a hankali, ta ɗora shi a cinya. Ta ce, "Auta, yaushe rabon yarinyar nan da cin kifi?" Ashe ta riƙe maganar jiri da warin kifin nan da na karanta mata a wasiƙarki ta farko. Ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, sakarai." Tana ta murmushi.

Ki amsa mini ko da kalma ɗaya ce. Ko Malam ɗin ma na karɓa.

Mijinki.

* * *

Yaya,

Ina kwana, ya gida, ya makaranta? Ni lafiya lau, jirin ma ya fara sauƙi, jarrabawar farko kuma ta zo da kyau.

Na ga matashin. Abokiyar ɗakina ta yi dariya har ta faɗo daga gado, ni kuma ina dariya ina kuka, ban san wanne ya fi yawa ba. Na zauna zan rubuta wa ƙaninki amsa, na ce bari in bar shi ya ɗan dahu tukuna. Ashe shi bai iya jira ba.

Ina fitowa daga aji maigadi ya tare ni, wai ga wani mutum can ƙarƙashin bishiya tun safe, ya ƙi tafiya, ya ƙi faɗin abin da ya kawo shi, sai dai ya ce shi mijin wata ne. Na leƙa. Ga shi zaune a kan dutse, zare fari maƙale a kafaɗar rigarsa, takalmi ƙafa ɗaya nasa ƙafa ɗaya na wanka. Ya rufe shago ya hau motar farko. Da ya gan ni ya miƙe. Duk jawabin da na shirya masa ya gudu. Da ƙyar ya ce, "Kin karya?" Na ce na karya. Ya ce, "To." Sai hawaye suka zubo masa.

Washegari ranar awona ce, na tafi da shi. Ma'aikaciyar ta juyo masa da allon, ta ce, "Ga shi nan, baban." Abin ya motsa, ya shura ƙafa. Sannan ta ƙara sauti, bugun zuciyar ya cika ɗakin. Ƙaninki ya dafe bango ya ce, "Malama, bai yi gudu da yawa ba? Ba a iya rage shi?" Ta ce haka Allah ya yi shi, ba a taɓawa. Ya ce to a bar shi haka, a bar shi, kada a taɓa komai.

Yanzu matsalar ita ce ya ƙi komawa. Ya kama ɗaki a masaukin bakin titi, ya zama abokin maigadi, kullum yana ƙofa da leda. Ya hana ni ɗaukar jakar littattafai. Ya je kicin ya roƙi masu girki su daina dafa kifi, makaranta guda. Yanzu haka da nake rubuta miki ina hango shi ta tagar ɗakin karatu yana cinikin lemo, kuma ba ƙwaya yake nunawa ba, buhun yake nunawa.

Na yafe masa, Yaya, har zuciyata. Amma shago yana rufe, Inna tana gida ita kaɗai, ni kuma ina da jarrabawa. Don Allah ki hau motar nan da kika fasa, ki zo ki ɗauki ƙaninki.

Ƙanwarki.